Ruwa ko iska: wace hanyar sanyaya kwamfuta ce ta dace da ƙasar zafi da ƙura?

A watan Afrilu, lokacin da zafin rana ke haura digiri 40 a Njamena, Garwa ko Khartum, masu tace bidiyo da masu zanen gine-gine sun saba da wani hali na kwamfutocinsu. Aikin da na'ura ta gama cikin sauƙi da asuba sai ya riƙa jan ƙafa da azahar, fankoki na ta kuka, wani lokaci ma ta mutu gaba ɗaya ana tsakiyar fitar da bidiyon bikin da mai shi ke jira tun jiya. Daga nan shawara ke fitowa daga abokan aiki: a sa mata na'urar sanyaya ta ruwa, irin mai bututu da fitilu masu launi da ake gani a YouTube.

Shawarar tana da tushe, amma tana da kuɗi, kuma ga wanda sai ya yi odar kaya daga Dubai, Sin ko Faransa ya jira makonni, kuskuren zaɓi na iya tsayar da sana'a na wata guda. Saboda haka ya kamata a san abin da ruwan ke yi a cikin kwamfuta, da abin da ba zai iya yi ba. Maganar ta shafi kwamfutar tebur ce mai akwati. Ta tafi-da-gidanka an riga an yanke mata hukunci tun daga masana'anta.

Daga ina zafin yake fitowa?

Kusan duk wutar lantarkin da kwamfuta ta sha zafi take komawa. Furosesa, wato ƙwaƙwalwar na'urar, ita ce wurin da zafin ya fi taruwa a ƙaramin fili. Core i9-13900K da kamfanin Intel ya fitar a 2022 tana iya shan wat 253 idan aiki ya yi nauyi, haka ma i9-14900K da ta biyo ta a 2023. Ryzen 9 7950X ta kamfanin AMD tana kaiwa wat 230. Wannan ya yi daidai da ƙwan fitila huɗu irin na da masu wat 60, sai dai duk zafin yana fitowa ne daga ɗan gutsuren siliki da bai wuce girman kan sarki na wasiƙa ba. Katin hoto ma yana da nasa: RTX 4090 na Nvidia wat 450 ne, RTX 5090 na 2025 kuma wat 575.

Furosesa ba ta yarda ta ƙone. Tana da iyakar da aka sa mata, digiri 100 ga waɗancan na Intel, digiri 95 ga 7950X, kuma da zarar ta kai nan sai ta rage gudu da kanta. Jan ƙafar da ake gani da azahar ke nan. Aikin na'urar sanyaya shi ne ta kwashe zafin da sauri yadda furosesa za ta ci gaba da cikakken gudunta.

Babur da mota

Duk wanda ya taɓa tsayawa a garejin makaniki ya riga ya ga hanyoyin biyu. Injin babur yana da fiffike-fiffiken ƙarfe a jikinsa, iska na ratsa su ta tafi da zafi. Injin mota kuwa ruwa ne ke zagaya shi, ya ɗauki zafin ya kai lagireto, wanda makanikan ƙasashen Faransanci ke kira radiyater, a can fanka ta hura shi waje.

Na'urar iska ta kwamfuta tana da gindin jan ƙarfe da ke manne da furosesa, da bututai na jan ƙarfe da ke hawa cikin tarin siraran fallayen alminiyam, sai fanka ɗaya ko biyu. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, a cikin waɗannan bututan ma akwai ruwa. Ɗan kaɗan ne, an rufe shi bayan an zuƙe iskar ciki, don haka yana zama tururi tun zafi bai yi yawa ba. Tururin ya tashi zuwa sashen da fanka ke hurawa, ya huce ya koma ruwa, sannan ya tsiyayo ta jikin bangon bututun zuwa gindi. Haka yake ta zagayawa ba famfo, ba abin da ke motsi. Fitacciyar na'ura a wannan layi ita ce NH-D15 ta kamfanin Noctua na ƙasar Ostiriya, wadda ta fito a 2014 da bututai 6 da fankoki biyu masu faɗin milimita 140. Daga baya kamfanin Thermalright ya kawo Peerless Assassin 120, ita ma mai bututai 6, wadda ke kusantar aikin waccan a kan kuɗin da bai kai rabi ba.

Na'urar ruwa iri biyu ce. Akwai wadda ake sayarwa a haɗe, a rufe, an riga an cika ta da ruwa gauraye da sinadarin gilaikol, ana kiranta AIO. Tana da faranti na jan ƙarfe da ƙaramin famfo, da tiyo biyu, da lagireto mai tsawon milimita 240, 280, 360 ko 420. Akwai kuma wadda mutum ke harhaɗawa da kansa, ya sayi famfo daban, tanki daban, ya yanka bututu, har ya iya haɗa katin hoto a cikin zagayen. Wannan ta biyu ta masu sha'awa ce da kuɗi a hannu.

Dalilin da ya sa injiniyoyi ke son ruwa a fili yake. Kilo ɗaya na ruwa yana ɗaukar zafi ninki huɗu na abin da kilo ɗaya na iska zai ɗauka, kuma idan aka auna da girma, lita ɗaya ta ruwa tana ɗaukar abin da sai lita kusan 3,500 ta iska za ta ɗauka. Tun shekarun 1960 kamfanin IBM ke sanyaya manyan na'urorinsa da ruwa. A yau ma babbar kwamfutar bincike ta Faransa mai suna Jean Zay, da ke Orsay kusa da Paris, ruwa mai ɗumi ne ke sanyaya ta, ana kuma amfani da zafin wajen ɗumama gine-ginen yankin. Sai dai waɗannan wurare suna da bututan da ke fitar da zafin daga ginin baki ɗaya, da ma'aikata masu lura dare da rana. Shagon tace bidiyo a unguwar Nima ta Akara ko Birketiri ta Yawunde ba shi da ko ɗaya.

Lagireto ba randa ba ce

A nan ne fahimta ke yawan karkacewa. Bahaushe ya san ruwa da sanyi ta hanyar randa da tulu: ruwan ciki ya fi iskar ɗaki sanyi, domin wani kaso yana tsattsafowa ta jikin yumɓu ya bi iska, ya tafi da zafi. Na'urar sanyaya ɗaki mai ruwa da ake yawan amfani da ita a Sudan da Chadi haka take aiki. Ruwan AIO kuwa a kulle yake, ba ya bin iska. Ɗan dako ne kawai, yana ɗaukar zafi daga furosesa ya kai lagireto, kuma abin da ke sanyaya lagireton iskar ɗakin ce, wadda dai ita ce ke sanyaya na'urar iska. Ruwan ba zai taɓa yin sanyin da ya fi na ɗakin ba.

Wannan yana sauya yadda ya kamata a karanta gwaje-gwajen da ake gani a intanet. Masu gwajin a Turai da Amurka suna aiki ne a ɗakunan da ke wajen digiri 21 zuwa 23. A ɗauka, a matsayin misali, wata na'ura tana riƙe furosesa a digiri 62 sama da zafin ɗaki. A ɗakin digiri 22, furosesa za ta tsaya a 84, lafiya lau. A shagon da rufin kwano ya kai digiri 38 da rana, wannan na'urar dai za ta kai ta 100, wato bakin iyaka. Idan aka canza zuwa wata da ta fi ta da digiri 5, an samu sauƙi, amma digiri 16 ɗin da ɗaki ya ƙara sun ninka wannan ribar sau uku. Mai shagon da ya kashe kuɗinsa a kan lagireto mafi tsada ya bar ɗakinsa ba taga ba silin, ya bar jaki ne yana dukan taiki.

Akwai kuma wani ruɗi da ke fitowa daga gajeren gwaji. Da yake ruwa yana ɗaukar lokaci kafin ya yi ɗumi, a mintunan farko AIO tana nuna lambobi masu daɗin gani. Bayan rabin awa ana aiki mai nauyi, ruwan ya riga ya ɗumama, sai tazarar ta ragu. Mai fitar da bidiyon awa biyu, lambar bayan rabin awa ce tasa.

Kwamfutar kanta murhu ce a ɗaki. Na'urar da ke shan wat 700 tana zuba wat 700 na zafi a cikin ɗakin, ko da ruwa aka sanyaya ta ko da iska. Ƙaramar na'urar sanyaya ɗaki ta BTU 9,000 tana kwashe wajen wat 2,600, ke nan kwamfuta ɗaya ta cinye fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfinta.

Inda ruwa ya yi gaba

Duk da haka AIO babba tana da fifiko na gaske. Lagireto mai milimita 360 yana da fili mai yawa, kuma ana iya ɗaura shi a saman akwati ya hura zafin waje kai tsaye, ko a gaba ya sha sabuwar iska. Idan furosesa tana shan sama da wat 200 na tsawon sa'o'i, wannan filin yana ba da ƴan digirorin da za su iya hana ta rage gudu, sau da yawa ma da ƙarancin ƙara. Ga furosesa irin i9 da aka sake mata linzami, a ɗaki mai zafi, waɗannan ƴan digirori suna da amfani.

Fifiko na biyu ya shafi masu yawo da kwamfuta. NH-D15 da fankokinta ta haura kilo 1.3, kuma a rataye take a jikin babban allon na'urar, wanda masu gyara ke kira kat-mer. Idan akwati ya sha hanya mai ramuka a bayan babur ko a saman motar haya, nauyin na iya lanƙwasa allon ko ya tsaga shi. Nauyin AIO kuwa yana ɗaure ne a jikin akwati. Mai ɗaukar kwamfuta zuwa wuraren biki da taro ya kamata ya yi la'akari da wannan, ko kuma ya riƙa kwantar da akwatin, ya cire na'urar iskar da katin hoton kafin doguwar tafiya. Sai maganar wuri: tsayin NH-D15 milimita 165 ne, ba kowane akwati ke rufuwa a kanta ba, kuma takan tokare dogayen sandunan RAM.

Da zarar an sauko ƙasa da wat 150, fifikon yana narkewa. Ryzen 5 7600 da aka ƙiyasta a wat 65, ko Ryzen 7 7800X3D da masu wasannin bidiyo ke so, ba su da buƙatar ruwa ko kaɗan. A wasanni ma katin hoto ne ke fitar da mafi yawan zafin, kuma AIO ba ta taɓa shi. Shi da nasa fankokin yake zuwa.

Ranar da abu ya lalace

Tambayar da ta fi muhimmanci ga mai zama nesa da kasuwar kayan ita ce: idan ta lalace, me zai faru? A na'urar iska, abin da ke motsi fanka ce kawai. In ta mutu ana gani da ido, ƙarfen yana ci gaba da ɗan kwashe zafi, kuma duk wata fanka mai milimita 120 da aka samo a wurin mai gyara za a iya ɗaura ta, ko da waya ce, aiki ya ci gaba a ranar. Ƙarfen kansa yana iya wuce kwamfuta biyu ko uku.

AIO tana da hanyoyin mutuwa da dama. Famfo na iya tsayawa ba tare da wata alama ba, zafi ya yi tsalle cikin daƙiƙoƙi, kuma a mafi yawansu ba a canza famfon shi kaɗai. Ruwan yana raguwa a hankali ta jikin tiyo cikin shekaru, zafi kuma yana ƙara saurin hakan, sai iska ta shiga a fara jin ƙarar ɓulɓul. Farantin jan ƙarfe ne, lagireton alminiyam, ƙarafa biyu da ke cin juna idan ruwa ya haɗa su; sinadarin da aka zuba ne ke hana su, in ya gaji sai laka ta taru ta toshe ƙananan ramukan farantin. A 2022 kamfanin MSI ya sanar da musanya wasu na'urorinsa na MAG CoreLiquid 240R da 360R saboda irin wannan toshewa. Ɗigar ruwa ba ta da yawa a na'urorin yanzu, amma tana faruwa, kuma katin hoto, abu mafi tsada a akwatin, shi ne a ƙarƙashi. Kamfanin Apple ma ya gwada ruwa a wasu Power Mac G5 tun 2004, wasunsu suka riƙa ɗiga bayan shekaru.

Kamfanoni suna ba da garanti, galibi shekara 3 zuwa 6. Ga mazaunin Lyon ko Berlin wannan kariya ce ta gaske. Ga mazaunin Marwa ko Abeche da wani ɗan uwa ya sayo masa kayan a jaka, takarda ce da amfani da ita zai buƙaci kuɗin aikawa, kwastan da watanni na jira. Duk wanda sana'arsa ta dogara da AIO, hikima ce ya ajiye ƙaramar na'urar iska mai araha a durowa.

Farashi ma yana nuna hanya. A kasuwannin Turai, Peerless Assassin tana wajen yuro 40, wato sefa dubu 26 a canjin da aka tsayar na sefa 655.957 kan yuro ɗaya. NH-D15 da AIO mai kyau ta milimita 360 suna farawa ne daga wajen yuro 100, sefa dubu 65 da ɗoriya, kafin kuɗin dako. Wadda ake harhaɗawa da hannu tana cin ɗaruruwan yuro, tana son a canza mata ruwa kusan kowace shekara, kuma ruwan rijiya ko na famfo ba ya yi, sai tataccen ruwa da sinadarinsa.

Ƙura

Kwarin Bodele da ke arewacin Chadi ana ɗaukarsa wurin da ya fi ko'ina tayar da ƙura a duniya, kuma iskar hunturu tana kwaso ta har gaɓar teku, daga Nuwamba zuwa Maris. A Khartum kuma ga habub. Ƙura ba ta zaɓe tsakanin hanyoyin biyu, amma ramukan lagireto sun fi matsewa, don haka sun fi saurin toshewa da wani abu kamar bargo, kuma sau da yawa sai an kwance fankoki kafin a kai gare shi. Fallayen na'urar iska sun fi faɗin tsakani, ana hure su cikin minti biyu. A biranen gaɓa irin Duwala da Kwatano, danshi yana sa ƙurar ta manne ta yi ɗanko, sai an haɗa da burushi mai laushi.

Hanya ta uku, wadda ba ta cin ko sisi

Kamfanoni suna tura furosesa zuwa ƙarshen ƙarfinta don su yi nasara a gasar lambobi, kuma wat ɗin ƙarshe su ne mafi ƙarancin amfani: zafi mai yawa, ƙarin gudu kaɗan. Ana iya rage su. AMD tana da tsarin da ta kira Eco Mode, wanda ke sauke 7950X daga matakin wat 170 zuwa na 105, gudun da ake rasawa kuma kaɗan ne idan aka kwatanta da zafin da ya ragu. A na Intel, ana shiga BIOS a sauke iyakokin da ake kira PL1 da PL2. Furosesar da aka tsayar a wat 180 na'urar iska mai kyau za ta riƙe ta ko a bazara, kuma ga mai aiki da sola, janareto ko batirin ajiya saboda ɗauke wuta, kowane wat da aka rage riba ce ta biyu.

Kafin a kashe kuɗi kuma, a auna. Manhajar HWiNFO kyauta ce, tana nuna zafi, wat, da ko furosesa tana rage gudu. Ganin digiri 95 a Ryzen na jerin 7000 ba abin firgita ba ne, AMD ta ce haka aka tsara su su yi a aiki mai nauyi. Sau tari ma matsalar ba ta na'urar sanyaya ba ce: man da ake shafawa tsakanin furosesa da ƙarfe, pat termik a bakin masu gyara, ya bushe, ko akwatin mai gilashi ne a gaba da ba ya barin iska ta shiga, ko kuma an manta ba a ɓare ledar da ke gindin sabuwar na'ura ba, kuskuren da ya fi yawa fiye da yadda masu shi ke amsawa.

Ga mafi yawan masu aiki a ƙasashen nan, babbar na'urar iska mai hasumiya biyu a cikin akwati mai raga a gaba ita ce zaɓin da ya fi dacewa, ragowar kuɗin kuma a sa su a silin, taga ko abin da zai rage zafin ɗaki. AIO ta milimita 360 ta cancanci kuɗinta ga wanda furosesarsa ke wuce wat 200 kullum, ko mai yawan tafiya da na'urarsa, muddin ya yarda cewa kaya ce mai wa'adi.

Wanda ya zaɓi ruwan, ya lura da yadda zai ɗaura. Kada famfo ya zama shi ne mafi tsayi a zagayen, domin iska sama take taruwa, kuma famfon da ke juya iska ba ya daɗewa. Lagireto a sama ya fi. In a gaba ne, tiyo su fito ta ƙasa. Ko wace iri aka sa, akwati ya bar ƙasa ya hau tebur, fankokin shigar da iska su fi na fitarwa yawa kuma su kasance bayan raga mai tace ƙura, a kuma guji juya na'urar sanyaya ɗaki mai ruwa ta fuskanci kwamfuta kai tsaye. A lokacin hunturu a wanke ragar kowane mako biyu, ta bushe sarai kafin a mayar. Idan za a hure cikin akwatin da abin hura iska, a cire wuta tukuna, a kuma danne kowace fanka da yatsa kada iskar ta juya ta fiye da ƙima.